Sauye-sauyen Saƙonnin Jijiyoyi a Fankiriyas Lokacin Kumburi Mai Daɗewa da Sankara

1.0 Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da suke kama fankiriyas akwai guda biyu da suka fi wahalar da majinyata da likitoci, wato kumburi mai daɗewa da kuma sankarar da take tasowa daga bututun gaɓar, kuma abin da ya haɗa su a idon likita shi ne wani irin zogi mai tsanani da yake farawa daga saman ciki ya ratsa zuwa gadon baya, wanda sau da yawa ba ya jin magungunan kashe ciwo da aka saba da su. An daɗe ana ɗaukar wannan zogi a matsayin alama kawai, ana kuma ganin cewa jijiyoyin da suke isar da shi ga ƙwaƙwalwa ba su da hannu a cikin cutar, iyakarsu su kai labarin ɓarnar da wani abu dabam ya yi. Binciken da aka gudanar tun daga ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa al'amarin ya wuce haka, domin jijiyoyin da kansu suna sauya kama, suna ƙara kauri da yawa, suna kuma zubar da sinadaran da suke rura kumburi, suke kuma taimaka wa ƙwayoyin sankara su hayayyafa. Duk inda aka ambaci jijiya a wannan lacca, ana nufin wadda take ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, ba ta jini ba.

Laccar za ta bi diddigin rukuni ɗaya na waɗannan sinadarai, wanda ake kira nurofeftaid, kuma jigonta shi ne cewa abin da cuta take sauyawa ba yawan saƙon kaɗai ba ne, har da ƙwayoyin halittar da suke iya karɓar sa, ta yadda saƙon da yake ingiza girma yake samun sababbin masu sauraro, wanda yake tsawatarwa kuma ya rasa mai jin sa. Muhimmancin batun a bayyane yake idan aka dubi ƙididdigar Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 500,000 ne suka kamu da sankarar fankiriyas, fiye da 460,000 kuma suka rasu a dalilinta.

2.0 Fankiriyas da Jijiyoyinta

Fankiriyas gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15, wadda take kwance a gicciye can bayan tumbi, kanta yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, jelarta kuma tana kaiwa ga saifa. Aiki biyu take yi. Na farko shi ne samar da ruwan narkar da abinci, wanda yakan haura lita ɗaya a kowace rana, kuma ƙwayoyin halittar da ake kira asina ne suke ƙera sinadaran da ke cikinsa, sannan ƙananan bututu su tattara shi su zuba a babban bututun da yake buɗewa cikin hanji. Na biyu shi ne daidaita sukarin jini ta hanyar insulin da gulukagon, waɗanda suke fitowa daga ƙananan tsibiran da Paul Langerhans ya fara bayyanawa a Balin a shekarar 1869, kuma tsibiran ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin gaɓar ba.

Jijiyoyi iri uku ne suke shiga fankiriyas daga waje. Akwai na farasimfatetik, waɗanda suke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta babbar jijiyar da ake kira bagus, aikinsu kuwa ingiza fitar da ruwan narkar da abinci da insulin bayan an ci abinci. Akwai na simfatetik, waɗanda suke aiki lokacin tsoro ko wahala, suna matse hanyoyin jini suna rage fitar da insulin. Sai kuma jijiyoyin ji, waɗanda suke kai labarin zafi da rauni zuwa lakar gadon baya, kuma uwar kowace ƙwaya daga cikinsu tana zaune ne a wasu ƙulle-ƙulle da ke jere a gefen lakar, zarenta kaɗai ne yake miƙewa ya isa fankiriyas bayan ya ratsa wata sarƙar jijiyoyi da ake kira siliyak, wadda take gaban babbar hanyar jinin ciki. Wannan tsari ne ya sa ake jin ciwon fankiriyas a gadon baya, domin saƙon yana shiga lakar ne a daidai sashen da yake karɓar saƙon fatar tsakiyar baya.

Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya tabbatar tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa jijiyar bagus tana sa fankiriyas ta fitar da ruwanta, amma a shekarar 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gano a Landan cewa hanji yana sakin wani sinadari mai suna sikiritin cikin jini, wanda yake yin wannan aiki ko da an yanke jijiyoyin. Daga nan hankalin masana ya karkata ga sinadaran da suke bin jini, wato homon, aka yi shekaru da dama ba a ba jijiyoyin fankiriyas kulawar da ta dace da su ba.

3.0 Ma'anar Nurofeftaid da Yadda Yake Aiki

Furotin ɗin da ke jiki sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, idan kuma sarƙar gajeriya ce, wadda ba ta wuce 'yan gomomi ba, sai a kira ta feftaid. Nurofeftaid shi ne feftaid ɗin da ƙwayar jijiya take ƙerawa a cikin uwarta, ta ƙunshe shi, ta tura shi ta cikin zarenta har zuwa bakinsa, inda take sakin sa idan an motsa ta da ƙarfi ko an daɗe ana motsa ta. Ya bambanta da sinadaran jijiya na yau da kullum, irin su asetilkolin, waɗanda suke tsallaka ɗan ƙaramin giɓi zuwa ƙwaya ɗaya su gama aikinsu kafin ƙiftawar ido, domin shi yana bazuwa cikin nama, yana daɗewa, yana kuma iya isa ga ƙwayoyi masu yawa. Bambancin ya yi kama da na raɗa a kunne da shelar sanƙira a kasuwa, domin shela tana isa ko'ina, amma wanda yake jin harshen da aka yi ta da shi ne kaɗai zai yi aiki da ita. Abin da yake ba ƙwayar halitta ikon jin saƙo shi ne makarɓi, wato wani furotin da ke maƙale a fatarta wanda nurofeftaid ɗin da ya dace da shi kaɗai yake iya kamawa, kuma da zarar ya kama shi sai jerin ayyuka su tashi a cikin ƙwayar.

Wanda aka fara ganowa shi ne sinadarin P, wanda Ulf von Euler da John Gaddum suka samo daga ƙwaƙwalwa da hanjin doki a shekarar 1931, amma sai a 1971 ɗakin binciken Susan Leeman a Amurka ya tantance cewa amino asid 11 ne suka haɗa shi, kuma babban makarɓinsa shi ne NK-1. Abokin tafiyarsa a cikin jijiyoyin ji shi ne CGRP, mai amino asid 37, wanda aka gano a 1982, kuma yana daga cikin sinadaran da suka fi ƙarfin buɗe hanyoyin jini a jikin mutum. Sami Said da Viktor Mutt sun gano VIP a Suwidin a 1970, wanda yake sa bututun fankiriyas da hanji su fitar da ruwa da gishiri. A shekarar 1973 aka samu biyu, wato nurotensin mai amino asid 13, daga Robert Carraway da Susan Leeman, da kuma somatostatin mai amino asid 14, daga ɗakin binciken Roger Guillemin. Somatostatin ya fita dabam, domin aikinsa hanawa ne: yana rage fitar da homon da ruwan narkar da abinci, yana kuma dakatar da rarrabuwar ƙwayoyin halitta ta hanyar makarɓai biyar, waɗanda na biyu a cikinsu, mai suna sst2, ya fi muhimmanci ga wannan batu. A lafiyayyen jiki ana samun daidaito tsakanin masu ingizawa da masu hanawa, akwai kuma sinadarai irin su nefirilisin da suke daddatsa sinadarin P don kada aikinsa ya zarce iyaka.

4.0 Sauye-sauye a Kumburi Mai Daɗewa

Kumburin fankiriyas mai daɗewa cuta ce da ƙwayoyin asina suke mutuwa a cikinta sannu a hankali, tabo mai tauri yana maye gurbinsu, bututu suna ƙuntata ko su cika da tsakuwa, har majinyaci ya kasa narkar da maiƙo, ya rame, daga baya ciwon sukari ya biyo baya. Manyan musabbabanta su ne yawan shan barasa na shekaru, da shan taba, da gado, da toshewar bututu, akwai kuma nau'in da yake kama matasan ƙasashe masu zafi waɗanda ba su shan barasa, wanda aka bayyana a Indunusiya a 1959, da Yuganda a 1960, daga baya kuma a jihar Kerala ta Indiya da kudancin Najeriya. Ƙwayoyin da suke saƙa tabon, waɗanda ake kira ƙwayoyi masu siffar tauraro, an ware su ne a 1998 a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Sidni ta Ostareliya, ɗaya a Ulm ta Jamus.

A birnin Ulm ɗin ne kuma aka dubi jijiyoyin da idon basira, inda a 1988 Dale Bockman tare da Markus Büchler da abokan aikinsu suka binciki naman da aka cire daga majinyata, suka tarar cewa jijiyoyin sun fi na lafiyayyu kauri da yawa, kuma tantanin da yake lulluɓe su, wanda yake kare su daga abin da ke kewaye, ya yayyage, ƙwayoyin garkuwar jiki kuma sun yi musu zobe. Ma'anar wannan ita ce zaren jijiya ya zama a buɗe ga sinadaran kumburi da na narkar da abinci. A 1992 Büchler da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗannan jijiyoyi cike suke da sinadarin P da CGRP fiye da kima, sannan a 2001 Shailesh Shrikhande da Helmut Friess da ƙungiyarsu suka nuna cewa makarɓin NK-1 ma ya ƙaru, kuma yawansa yana tafiya daidai da tsananin zogin da majinyacin yake fama da shi.

Yadda waɗannan sinadarai suke rura cutar yana da alaƙa da wata ɗabi'a ta jijiyoyin ji, wato idan an motsa su ba lakar gadon baya kaɗai suke aika wa saƙo ba, suna kuma sakin sinadarin P da CGRP a nan inda aka taɓa su. CGRP yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, sinadarin P yana sa bangonsu ya yi yoyo, ruwan jini ya kwarara cikin nama, yana kuma jawo fararen ƙwayoyin jini, ya tayar da ƙwayoyin mast, waɗanda suke ɗauke da histamin da tiriftes. Su kuma waɗannan sinadarai, tare da tirifsin, sinadarin narkar da abinci da yake tsiyaya daga ƙwayoyin asinar da suka lalace, suna komawa su sake motsa jijiyar, sai ta ƙara sakin nurofeftaid. Wannan shi ake kira kumburin da jijiya take haddasawa, wanda Miklós Jancsó da abokan aikinsa suka fayyace a Hangari a shekarun 1960 ta amfani da kafsaisin, sinadarin da yake ba barkono yajinsa, kuma makarɓin kafsaisin, wato TRPV1, wanda David Julius ya gano a 1997, yana kan mafi yawan jijiyoyin ji na fankiriyas. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1998, lokacin da Madhav Bhatia da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa makarɓin NK-1 ba sa yin kumburin fankiriyas mai tsanani kamar sauran, huhunsu ma ba ya lalacewa kamar nasu.

Abin da yake sa jijiyoyin su yi kauri kuwa shi ne wani furotin da ake kira NGF, wato mai raya jijiya, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka samu kyautar Nobel a kansa a 1986. A 1999 ƙungiyar Friess ta nuna cewa NGF da makarɓinsa TrkA sun ƙaru a naman majinyata, kuma an san cewa NGF yana sa ƙwayar jijiya ta ƙara ƙera sinadarin P da CGRP da TRPV1. Idan wannan hali ya daɗe, ƙwayoyin lakar gadon baya da na ƙwaƙwalwa su ma suna sauyawa, su riƙa ɗaukar ƙaramin saƙo a matsayin babba, kuma wannan ne ya sa wasu majinyata suke ci gaba da jin zogi ko bayan an buɗe bututun da ya toshe, wasu ma ko bayan an cire gaɓar baki ɗaya.

5.0 Daga Kumburi Zuwa Sankara

Alaƙar cututtukan biyu ta tabbata a binciken Albert Lowenfels na 1993, wanda ya bibiyi majinyata kimanin 2,000 a ƙasashe shida, ya gano cewa kusan kashi 4 cikin ɗari na masu kumburi mai daɗewa suna kamuwa da sankara a cikin shekara 20. Wannan adadi ya ninka na sauran jama'a sau da yawa, duk da cewa yana nuna mafi yawan majinyatan ba sa kamuwa. Haɗarin ya fi yawa a nau'in gado, wanda David Whitcomb ya gano musabbabinsa a ƙwayar gado ta PRSS1 a 1996, inda aka ƙiyasta zai iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari zuwa shekara 70 da haihuwa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na sankarar bututun fankiriyas suna ɗauke da gurɓacewar ƙwayar gado ta KRAS, amma a 2007 ɗakin binciken Mariano Barbacid a Madrid ya nuna cewa a manyan ɓeraye wannan gurɓacewa ita kaɗai ba ta isa ta haifar da sankara ba sai an haɗa ta da kumburi.

Tunda jijiyoyi suna rura kumburi, sai tambaya ta taso ko suna da hannu a farkon sankarar ma. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh sun nuna a 2014 cewa a ɓerayen da aka tsara su kamu da cutar, jijiyoyin ji suna ƙaruwa tun a matakin da ake kira PanIN, wato lokacin da ƙwayoyin bututu suka fara sauya siffa amma ba su zama sankara ba tukuna. A 2016 Jami Saloman da abokan aikinta a wannan jami'a suka lalata jijiyoyin ji na irin waɗannan ɓeraye da kafsaisin tun suna jarirai, sai samuwar PanIN ta yi jinkiri, ɓerayen kuma suka fi daɗewa a raye. Shekara guda bayan haka wani bincike a New York ya gano cewa wasu 'yan ƙwayoyi a cikin PanIN suna ɗauke da makarɓin NK-1, kuma sinadarin P yana motsa furotin ɗin STAT3 a cikinsu, wanda yake ingiza hayayyafa.

6.0 Sauye-sauye a Sankarar Bututu

Sankarar bututu, wadda ita ce kimanin kashi 90 cikin ɗari na sankarar fankiriyas, ta shahara da kutsawa cikin jijiyoyi, domin a fiye da kashi 70 cikin ɗari na naman da ake cirewa ana tarar da ƙwayoyinta sun shiga ƙarƙashin tantanin jijiya suna bin zaren zuwa wajen gaɓar, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suke sa cutar ta dawo bayan tiyata. A 2009 Güralp Ceyhan da Friess da abokan aikinsu a Jamus suka binciki naman majinyata 546 masu cututtukan fankiriyas iri-iri, suka tarar cewa kauri da yawan jijiyoyi sun fi fitowa fili a kumburi mai daɗewa da sankarar bututu, kuma tsananin kutsen sankara cikin jijiya yana tafiya tare da tsananin zogi. Jan hankalin da ke tsakanin jijiya da sankara na ɓangare biyu ne, domin ƙwayoyin sankara suna sakin NGF da danginsa, irin su artemin, su jawo zaren jijiya zuwa gare su, jijiyar kuma tana sakin sinadaran da suke jawo ƙwayoyin sankara zuwa gare ta.

Ta fuskar makarɓai, sauyi uku ne suka fi tabbata. Na farko, a 2003 ƙungiyar Friess ta nuna cewa NK-1 ya ƙaru matuƙa a naman sankara, kuma sinadarin P yana hanzarta girman ƙwayoyinta a ɗakin gwaji, toshe makarɓin kuma yana rage girman. Na biyu, Jean Claude Reubi a birnin Bern na Suwizalan ya gano a 1998 cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na sankarar bututu suna ɗauke da makarɓin nurotensin, alhali bai same shi a lafiyayyen nama ko a kumburi mai daɗewa ba, abin da ya sa ake nazarin amfani da shi wajen bambance cututtukan biyu, waɗanda sukan yi kama da juna a hoto. Na uku, wanda ya juya wa na farkon baya, shi ne abin da Louis Buscail da Christiane Susini suka gano a Tulus ta Faransa a 1996, cewa mafi yawan sankarar bututu sun daina ƙera makarɓin sst2, don haka ko somatostatin yana nan ba su jin hanin da yake yi. Wannan ne bayanin abin da ya sa magungunan da suke kwaikwayon somatostatin ba su yi tasiri a wannan sankara ba da aka gwada su.

Ba dukan jijiyoyi ne suke goyon bayan cutar ba. A 2018 Bernhard Renz da Timothy Wang a Jami'ar Kolombiya suka wallafa bincike biyu a kan ɓeraye, ɗaya ya nuna cewa sinadaran jijiyoyin simfatetik suna sa ƙwayoyin sankara su ƙara sakin NGF, wanda yake jawo ƙarin jijiyoyi, ɗayan kuma ya nuna cewa yanke jijiyar bagus yana hanzarta cutar maimakon ya rage ta. Saboda haka maganar da ta dace ita ce ta karkacewar daidaito tsakanin jijiyoyi, ba ta cewa jijiya abar kawarwa ce ba.

7.0 Ƙarin da Bai Rasa Makarɓinsa Ba

Akwai wani rukunin ƙari da yake tasowa daga ƙwayoyin fankiriyas masu fitar da homon, wanda ake kira nuroendokirin, kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarin fankiriyas ba. Wasu daga cikinsa suna ƙera feftaid da kansu fiye da kima, misali wanda yake sakin VIP yana haddasa gudawa mai kama da ta kwalara, wadda takan kai lita uku ko fiye a rana tare da zubewar fotasiyam, kamar yadda John Verner da Ashton Morrison suka bayyana alamominsa a 1958. Mafi yawan irin wannan ƙari, saɓanin sankarar bututu, yana riƙe da makarɓin sst2 da yawa, kuma wannan ya zama hanyar cin galaba a kansa. Magungunan oktiriyotaid da lanriyotaid, waɗanda suke kwaikwayon somatostatin amma suka fi shi daɗewa a jini, suna tsayar da gudawar, babban gwajin CLARINET na 2014 kuma ya nuna lanriyotaid yana jinkirta girman ƙarin. Idan aka maƙala wa irin wannan feftaid sinadarin galiyam-68 ana iya ganin ƙarin a hoto duk inda ya ɓuya, idan kuma aka maƙala masa lutitiyam-177 yana kai tururin nukiliya cikin ƙwayar ya kashe ta, kuma Amurka ta amince da wannan magani a 2018.

8.0 Tasirin Wannan Ilimi a Kan Magani

Tsohuwar hanyar da ake bi ita ce kashe sarƙar siliyak da allurar barasa mai ƙarfi don a katse saƙon zogi. A gwajin da Keith Lillemoe ya yi a asibitin Johns Hopkins a 1993 a kan majinyata 137 masu sankarar fankiriyas, zogi ya ragu, wani rukuni na waɗanda suka zo da zogi kuma ya fi daɗewa a raye, amma gwajin asibitin Mayo na 2004 ya tabbatar da raguwar zogin kawai, bai ga ƙarin kwana ba. A kumburi mai daɗewa, gwajin da Søren Olesen da abokan aikinsa a Denmak da Holan suka wallafa a 2011 ya nuna cewa firigabalin, maganin da yake kwantar da jijiyoyin da suka cika zumuɗi, ya fi maganin bogi rage zogi, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa ciwon na jijiya ne ba na nama kaɗai ba.

A kumburi mai daɗewa da sankarar bututu, magungunan da suke tunkarar nurofeftaid kai tsaye ba su kai ga wannan matsayi ba. Afirefitan, mai toshe NK-1, an amince da shi tun 2003, amma don hana amai ga masu karɓar maganin sankara, ba don yaƙar ƙarin ba. Masu toshe CGRP sun shiga kasuwa a 2018 don ciwon ɓarin kai. Tanezumab, mai kama NGF, an dakatar da aikinsa a 2021 bayan an ga yana hanzarta lalacewar gaɓoɓin wasu masu ciwon sanyin ƙashi. Dalilan wannan jinkiri sun haɗa da cewa mafi yawan hujjojin da suka shafi girman sankara daga ɓeraye da ɗakin gwaji suka fito, da cewa nurofeftaid da yawa suna aiki tare, idan an toshe ɗaya wani ya ɗauki aikinsa, da kuma cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na majinyata suna zuwa asibiti ne bayan cutar ta wuce matakin tiyata, alhali gwajin ɓeraye ya nuna tasirin jijiyoyi ya fi ƙarfi a farkon cutar.

9.0 Kammalawa

Abin da aka tattauna ya nuna cewa kumburi mai daɗewa da sankarar bututu sun yi tarayya a kaurin jijiyoyi da ƙaruwar sinadarin P da NGF da makarɓansu, amma sun rabu a wasu makarɓai, inda sankara take samun na nurotensin ta kuma rasa na somatostatin. Nasarar da aka samu a ƙarin nuroendokirin ta zo ne domin an san makarɓin da ƙwayarsa take ɗauke da shi, ana iya auna shi a jikin kowane majinyaci kafin a ba shi magani, kuma irin wannan awo ne ake ƙoƙarin samarwa ga sankarar bututu. Kafin a kai can, darasin da ya shafi ma'aikatan lafiya a yau guda biyu ne: zogin fankiriyas yana buƙatar a tunkare shi da wuri, da magungunan jijiya tare da na kashe ciwo, kafin lakar gadon baya ta sauya, sannan ciwon saman ciki mai ratsawa zuwa baya, idan ya haɗu da rama, ko shawara, ko ciwon sukarin da ya ɓullo kwatsam ga wanda ya haura shekara 50, bai kamata a tsaya ana yi masa maganin gyambon ciki ba tare da an ɗauki hoton fankiriyas ba.